Tun Yaushe Kunu Ya Zama Kini?

Mai gabatarwa, ina gaishe ka, amma ka tambayar mini masu sauraro: a cikinsu wa ya taɓa shan kini?

Ni ne Sani daga Madarunfa. Ban taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. A jikin motocin Ɗan Issa na koyi karatu, harafi bayan harafi. Bara na zaunar da ƙanwata Rabi a zaure, ina zana mata da tsinke a ƙasa: ka, ki, ku. Kafin a yanke hatsi, tana karanta "wuta", "gida" da "kunu" ba gargada.

Bana aka sa ta lakwal, inda ake karatu da Faransanci. Ran Juma'a na tara abokaina su ga aikina, na rubuta "kunu", na ce Rabi ta karanta. Yarinya ta tsuke baki kamar mai shirin fito, ta ce "kini".

Na ce, "Ke! Wa ya taɓa dama kini a gidan nan?"

Ta ce, "Yaya, malaminmu Mushe ya ce haka ake faɗin wannan harafin na 'u'. Naka na ƙauye ne." Ta karɓe tsinken, ta rubuta "kounou".

Na karanta da ƙarfi: "Ko-u-no-u!" Abokaina har da birgima. Yanzu ko mai shayi "Malam Ko'uno'u" yake ce mini. Rabi kuwa ta daina zuwa zaure, wai ina ɓata mata baki.

Mushe, na san kana da rediyo. Ka zo gidan rediyon nan ka faɗa jama'a su ji: da safe kunu kake sha, ko kini? Rabi tana saurare.