A Bar Ƙusoshina Su Shiga Fiyanon Gari

Shugabar wannan zama, Madam Friesen, ranki ya daɗe, Fasto Wiebe, kansiloli, 'yan kwamitin kula da zauren gari, matan da suka dafa mana kofi, waɗanda su ne ainihin masu mulkin garin nan, da ku jama'a da kuka keto dusar ƙanƙara don ku ga yadda zan ji kunya: barkanmu da yamma.

Na gode da aka ba ni dama. Ni ne Orest Hrycak, bakanike, wanda makaranta ta sallama tun bai nemi sallama ba.

Maganar guda ce. 'Yata Larysa, mai busa sarewa, tana so ta yi wasa a zauren nan ran Asabar, ita da abokin aikinta Gagnon mai kaɗa fiyano. Kiɗan sabo ne fil, wanda ya tsara shi ma yana raye a birnin Montreal, ana iya buga masa waya a yi masa faɗa. Shi ya ce sai an cusa ƙusoshi da notuna tsakanin wayoyin fiyano. Kwamiti ya ce fiyanon gari ba gareji ba ne. Yau za ku kaɗa ƙuri'a. In kun ƙi, za su tafi da abinsu birnin Winnipeg.

Na farko, ban zo in ce muku kiɗan yana da daɗi ba, ni mai tsoron Allah ne. Ranar da ta fara gwaji a gida, ina kicin na ji huci, fuu, fuu, sai ƙwas-ƙwas. Na leƙo na ce, "Larysa, iska na zuba a wani wuri." Ta ce, "Baba, ni ce." Na ce, "Kawo sarewar in liƙe miki." Ta ce, "Haka aka tsara shi." Na ce, "Duk zaman jami'ar nan abin da aka koya miki ke nan? Ai tayar da ta yi faci tana yin haka ba ko malami." Uwarta ta ce, "Orest, koma kicin." Na koma.

Na biyu, Madam Lindgren, ke da kike goge fiyanon nan tun ina da gashi a ka, tsoronki gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma na ga hannun yaron nan Gagnon. Yana sa ƙusa kamar mai ɗiga wa jariri magani a ido, in an tashi kuma ya zare abinsa. Ki tsaya a kansa da sandarki. In ya karce fiyano ki maka masa, in ya goce ki maka mini.

Na uku, kuma shi ya fito da ni cikin sanyin nan. Tun Larysa tana ƙarama, aikina a kiɗanta tuƙi ne da jira a mota. Ban iya karanta tururuwan nan na kan takardar kiɗa ba. In ta gama wasa in ce, "Ya yi kyau." Ta ce, "Wane wuri, Baba?" In ce, "Duka." To, kwanan baya ta shigo garejina, inda ba ta shiga saboda tattalin yatsunta, ta ce, "Baba, ƙusoshi nake so, tsofaffi. Sababbi ba su da murya." Muka zauna a ƙasa muka juye gwangwanaye. Tana ƙwanƙwasa kowace, tana kasa kunne, tana tambaya, "Wannan daga ina?" In ce daga tarakta. "Wannan fa?" In ce daga motar Fasto. Fasto, ka yi haƙuri, yanzu ka san abin da ke damun ƙofarka.

Jama'a, rabon da yarinyar nan ta tambaye ni abu in san amsarsa, tun tana koyon keke.

Zauren Winnipeg kuwa suna da nasu ƙusoshin, masu sheƙi, cikin akwati, ba sa karɓar na baƙo. In ta tafi can, zan koma tuƙi da jira. Don haka nake roƙonku, ku bar ni sau ɗaya in zauna a layin gaba, in ji ƙarar da ban gane ba, amma na san daga gwangwanina ta fito.

Allah ya tausasa zuciyar kwamiti, ya ba kunnuwanmu juriya ran Asabar, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.