Tayar da Ba Wanda Ya Duba

Assalamu alaikum mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Sunana Garba, mai sayar da fata a Agege.

Motata tana da na'urar da ke kunna fitila idan iskar taya ta ragu. Wata uku da suka wuce fitilar ta kama. Na je wurin mai facin unguwarmu, ya auna tayoyi huɗu, ya bubbuga su da ƙarfe, ya ce, "Oga, iska lafiya lau. Sansa ce, wato na'urar auna iskar, ta mutu, haka motocin tokumbo, 'yan gwanjon waje, suke." Na yarda. Da fitilar ta dame ni, sai na liƙe ta da baƙin salatif.

Ranar Talata na ɗauki mahaifiyata zuwa asibiti a Idi-Araba. A tsakiyar hanya ƙusa ta huda tayar baya. Na ciro safaya, sai na tarar babu iska ko kaɗan a cikinta. Hajiya ta yi awa biyu cikin rana, likita ya tashi, aka ɗaga mana zuwa wani wata.

Daga baya mai gyaran wutar mota ya jona kwamfuta, ya ce, "Alhaji, ai irin motarka har safaya tana da sansa. Ita take ta kuka."

Direbobi, a riƙa duba taya ta biyar. Ina gaida abokaina na mayanka. Hajiya kuwa har yau tambayata take, "Garba, ka cire salatif ɗin?"