Fararen Zakaru a Gidan Malam Philemon

Mai girma wakilin Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Rabaran da dattawan coci, Malam Liman na unguwarmu, shugaban makaranta da malamai, ina gaishe ku. Mama Salome, matar marigayi kuma 'yar'uwata, Tina da Friday, 'ya'yansa, sannunku da haƙuri. Iyaye da ɗalibai, sannunmu duka.

Ni ce Falmata mai turaren wuta, matar Ba Kaumi dillalin shanu. Iyayen yara ne suka ce in yi magana a madadinsu. Na ce musu karatuna bai wuce firamare ba, Hausata kuma ta Barebari ce, ina iya mai da mace namiji. Suka ce ai marigayi ma haka yake yi, kuma bai hana shi koyar da kimiyya ba. To, ga ni.

Malam Philemon Zira ya kasance mutumin da ya hana kayan gidajenmu zama lafiya. Tun da ya zo makarantar nan, madubi ba ya kwana inda aka ajiye shi. Kwalaben turarena sun ƙare. Ba Kaumi ya sha kunna rediyo ya ji shiru, ya buɗe ya tarar babu batir. Ka tambayi yaro, ya ce Malam ne ya ce a kawo za a yi gwaji.

Ya kasance idan yaro ya yi masa tambaya, sai ya tsaya cak ko a tsakiyar titi ne, masu keke napep suna ta yi masa oda. Mu a gida idan yaro ya dame mu da tambaya, cewa muke yi, yi mini shiru. Shi kuwa sai ya ce, maimaita in ji.

Wata rana ya zo gidanmu yana haki. Ya ce, "Ya Falmata, Ba Kaumi, an zaɓi Afrah!" Afrah ita ce 'yarmu ta biyu, lokacin tana ajin ƙarshe a sakandare. Ya ce akwai wani taron kimiyya na duniya da ake yi a Turai, inda ake tara yaran makaranta daga ƙasashe su zauna da manyan masana. Da ya ga ba mu gane ba, sai ya sauƙaƙa mana. Ya ce, "Manyan shehunai ne, babu irinsu a duniya. Kowane yaro za a ba shi damar tambaya ɗaya."

Jama'a, a nan Malam ya yi kuskure. Kun san a wurinmu idan aka ce wane ya je wurin shehu tambaya, ba darasi ya je ɗauka ba. Taimako ya je nema, na kasuwa, ko na tsari, ko na farin jini. Ba Kaumi da yake ta ɓata rai saboda nisan tafiyar, nan take fuskarsa ta washe. Ya ce, "Shehunan da babu irinsu? Ta je."

Ni maƙwabciyata kaɗai na gaya wa. Kafin ranar kasuwa labari ya kai har garin Maiha.

Mutane suka fara sallama. Wannan gwiwarsa ke ciwo, wannan shagonsa ba ciniki, wannan ɗansa ya gama foli, wato kwalejin fasaha, yana zaune ba aiki. Bobboi, Bafillacen da ke kawo wa Ba Kaumi shanu, ya ce a tambayo masa abin da zai sa ɓarawo ya ga garkensa ya ɗauka duwatsu ne. Rabaran, ka yi haƙuri, har da mutanenka. Miriyamu mai ƙosai ta zo da zanen zumuntar matan coci a jikinta, ta ce ita ba ta yarda da irin wannan ba, amma tun da za a je, a taɓa maganar mijinta.

Kuma ba a zuwa wurin shehu hannu biyu. Tun da Malam ne zai raka yarinya, gidansa aka riƙa kai fararen zakaru. Mama Salome, ga ki nan, ki ƙaryata ni. Kin fito shanya kin tarar da tsakar gida fari fat, kowane da igiya a ƙafa. Kika ce, "Baban Tina, makaranta ta koma biyan albashi da kaji ne?"

Mu muna ta hidima, ba mu lura da yarinyar ba. Afrah ta daina cin abinci. Ubanta ya riga ya yanke cewa tambayar ta gida ce, za ta nemo masa sa'ar dillanci. Ita kuwa ashe tana da tata, tun tana ƙarama take riƙe da ita. Ta same ni a madafa ta ce, "Idan ta Baba zan kai, na fasa zuwa."

Washegari sai ga keke napep a ƙofar gidanmu, cike da zakaru, Malam a tsakiyarsu, gashin kaza har a gemunsa. Gida-gida yake bi yana mayarwa. Ya miƙa wa Ba Kaumi nasa, ya ce, "Ba Kaumi, mutanen nan ba sa rubutu a sha. Rubutu suke yi a karanta."

Ba Kaumi ya ce, "To me za ta je yi?"

Malam ya ce, "Afrah, faɗa masa."

Ta sunkuyar da kai ta ce, tun tana kai wa babanta abinci kasuwar shanu take ganin idan shanu suna kwance, yawancinsu gefe ɗaya suke juya kai, ko da babu iska. Tana so ta san dalili.

Ba Kaumi ya riƙe baki. Ya ce, "Jirgi za ki hau saboda wannan? Ga Bobboi nan zaune, a tambaye shi. Bobboi, me ya sa?"

Bobboi ya ce, "Shanu ne. Haka suke. Ku Barebari ina kuka san saniya in ba a tukunya ba?"

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, "Ba Kaumi, ita ta gani, ita za ta tambaya. Idan ta ɗauki taka, kai ne ka je ba ita ba, kuma ba hotonka ne a fasfo ba."

Mijina ya ɗauki zakaransa ya shige gida. Da safe ya tafi kasuwa, ya dawo da yamma bai sayar da ko maraƙi ba, ashe yini ya yi yana kallon kawunan shanu. Ya zauna ya ce, "Falmata, yarinyar nan ta lalata mini ido. Ta je ta tambayo, ni ma yanzu ina so in ji."

Suka tafi. Afrah ta ce ɗakin taron ya fi filin ƙwallo, Malam kuma saboda sanyi ya sa duk rigunan da ya tafi da su a lokaci ɗaya. Wadda ta faɗo mata cikin masanan wata tsohuwa ce mai furfura, da aka ce duniya ta ba ta babbar lambar yabo. Afrah ta miƙe ta yi tambayarta. Tsohuwa ta dube ta. Sannan ta ce, "Ban sani ba." Ta ce wasu sun duba, har yanzu gardama suke yi. Ta ce, "Ke da kike zaune kusa da shanu, ki duba da kyau, ki zo ki gaya mini." Ɗaki ya ɗauki tafi.

Malam ya bugo mana waya yana ihu kamar an yi masa haihuwa. "Ba Kaumi! Ta ce ba ta sani ba! Ba ta sani ba!"

Ba Kaumi ya ce, "Innalillahi." Bobboi ya ce, "Ni ma kusan abin da na faɗa ke nan, amma ba wanda ya tafa mini."

Da suka dawo na ce, Malam, mene ne abin murna a nan? Ya ce, "Ya Falmata, da ta ba ta amsa, da shi ke nan an gama. Yanzu aiki ta ba ta." Yau Afrah tana jami'a tana karatun dabbobi. Duk hutu tana kasuwar shanu da kamfas mai nuna gabas da yamma a hannu, ubanta yana gabanta yana korar dillalai, wai su matsa ana bincike.

Mama Salome, zakara ɗaya ya rage a gidanki, wanda mai shi ya ji kunya ya ƙi fitowa. Malam ya sa masa suna Shehu, ya hana a yanka. Mai shi yana cikin taron nan, na gan shi, ba zan faɗa ba. Ki riƙe Shehu. Tina, Friday, ubanku bai bar muku shanu ba, amma duk gidan da ya taɓa rasa batir a garin nan gidanku ne. Ku shigo ba sallama.

Ranar da ciwo ya ɗauke mana shi, Afrah ta bugo mini tana kuka. Ta ce, "Mama, me ya sa shi? Me ya sa da wuri haka?" Bakina ya so ya ce mata ta yi shiru, yadda na saba. Sai na ce, "Ban sani ba, Afrah. Allah ne ya sani." Ta yi dariya cikin kukan, ta ce, "Da Malam ya ji ki, da ya tafa miki."

Na gode da kuka saurari Hausar Barebari har ƙarshe. Allah ya ba Malam Philemon hutu. Allah ya ba Mama Salome haƙuri, ya raya abin da ya bari. Mu kuma, idan yaro ya zo mana da tambaya, Allah ya ba mu ikon cewa, maimaita in ji. Amin.