Notin Da Na Liƙa Da Gam

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban wannan taro, iyayenmu a sana'a waɗanda a hannunsu muka koyi riƙon sifana, shugabannin ƙungiyarmu ta masu gyaran fitila da wayarin mota, wakilan direbobi da suka bar lodinsu suka zo, 'yan uwana abokan aiki, da sauran jama'a maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma, kowa da matsayinsa.

Ina godiya ga shugaba da ya sake ba ni wannan dama, ina kuma neman afuwarsa tun da wuri, domin abin da aka rubuta a takardar shirye-shirye ba shi zan faɗa ba. An ce zan kawo muku sabbin dabarun sauya fitila. Wallahi ba dabara na zo da ita ba, tsoro na zo da shi.

Magana ta farko tuni ce. Duk wanda ya taɓa buɗe fitilun nan na kasuwa, waɗanda ba na kamfanin motar ba, ya san halinsu. Ka gasa bakin fitilar har roba ta yi laushi, ka ɗaga gilashin a hankali, ka isa ga ƙwaryar ciki wadda take tattara haske ta jefa shi kan hanya. Ƙananan notuna ne suke riƙe da ita, su ne kuma suke hana hasken sunkuyawa. Ƙarfensu kuwa Allah Ya kyauta. Ka ɗora sukurudireba, ka murɗa sau ɗaya, sai ka ji ƙas, kan ya biyo hannunka, gindin ya zauna a rami yana kallonka. Ga mai mota a tsaye a kanka yana duba agogo.

Bara war haka, a wannan ɗaki, a kan wannan teburi, na ce muku na samo magani. Na ce kada kowa ya ƙara ɓata yininsa wajen haƙo guntun noti. A ɗiga gam ɗin nan sufa gulu a ramin, a barbaɗa ɗan lallausan yashi, a mayar da kan notin a danna, ya zauna kamar bai taɓa karyewa ba. Na gwada muku a gaban idonku, na girgiza fitilar, kuka tafa mini. Har suna kuka sa wa abin, ɗaurin minti biyar. Mutum ɗaya ne bai tafa ba, Baba mai walda da ke zaune can gaba. Ya ce da ni, "Ɗana, ka girgiza ta da hannu, amma hanya ba da hannu take girgiza mota ba." Na yi dariya, na ce Baba ya tsufa, zamani ya wuce shi. Baba, a gaban jama'a na yi maka dariya, a gaban jama'a nake roƙon ka yafe mini.

Magana ta biyu ita ce ta hana ni barci. Akwai direban motar burodi da yake kawo mini aiki shekara bakwai. Mutum ne mai barkwanci, bai taɓa shigowa garejina ba tare da ya tsokane ni a kan sanƙona ba. Wata huɗu da suka wuce na sauya masa fitilu, notuna suka karye a duka biyun, na yi musu ɗaurin minti biyar. Ya ce, "Oga, yau ka yi sauri." Na ce masa ƙwarewa ce.

Ranar Talatar makon jiya, bayan magariba, ana yayyafi, yana komawa gida sai ya faɗa wani rami a hanya. Zafin ƙwan fitila ya riga ya gasa gam ɗin wata da watanni, gargada ta riga ta sassauta shi, ramin nan ya ƙarasa aikin. Ƙwaryar kowace fitila ta faɗi, hasken ya koma yana haska ƙasa a gaban tayoyinsa. Fitila a kunne, mutum kuwa a cikin duhu. A gabansa akwai tirela da ta lalace a gefen hanya, bai gan ta ba sai da ya shige ƙarƙashinta. Yana raye, mun gode Allah. Amma har safiyar yau likitoci ba su ce za su bar masa ƙafarsa ta dama ba.

Ƙanensa ya kawo mini fitila ɗaya a cikin buhu. Na buɗe ta, na ga kan notin yana yawo a ciki, da busasshen gam fari a jikinsa, da yashin ƙofar garejina. Ba wanda zan ɗora wa, aikin hannuna ne.

Magana ta uku gyara ce, ku riƙe ta da kyau. Idan noti ya karye, a fito da guntunsa, ko da zai ci yini. A ɗiga masa mai a bar shi ya jiƙa. Idan ya ɗan leƙo waje, a kama shi da filaya a juya baya a hankali. Idan ya nutse, a tsaga masa baki da siririn zarto, ko a huda tsakiyarsa da ƙaramin injin huda, a zaro shi. A sa sabon noti mai ƙarfen kirki. Idan gindin robar ya tsage, a gaya wa mai mota gaskiya, fitilar nan ta tashi daga aiki. Zai yi fushi, zai ce ba ka iya ba, wataƙila ya tafi wani garejin. Ya tafi, da ƙafafunsa biyu zai tafi.

Na je asibiti, na kasa haɗa ido da direban nan. Matarsa ce ta biyo ni baranda. Na zaci zagi zan sha, da ma ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Malam, tambaya ɗaya gare ni. Motoci nawa ne suke yawo da irin wannan ɗauri?" Na koma gareji na ƙirga. Waɗanda na yi da hannuna na sani, sha uku ne, na kira masu su ɗaya bayan ɗaya, na kwance na sake ɗaurawa. Amma naku fa? Bara mun fi mutum ɗari a ɗakin nan, kowa ya koma garejinsa da abin da na koya masa. Wata motar tana ɗaukar fasinja, wata tana ɗaukar marasa lafiya, wata an sayar da ita, wanda ya saya bai san abin da ke cikin fitilarsa ba. Wataƙila iyalin wani a cikinmu a irin motar nan za su dawo gida yau.

Saboda haka ina roƙon ku, don girman Allah, ina roƙon ku. Ga takarda za ta zaga. Duk wanda ya taɓa yin ɗaurin nan ya rubuta mota nawa ya yi wa, da lambar mai ita idan yana da ita. Ba wanda zai ji kunya, ni na koyar, sunana ne a layin farko. Baiwar Allahn nan ta baro mijinta a gadon asibiti, ga ta can zaune a kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Na yi mata alkawarin amsa a yau. Duk wanda zai fita bai rubuta ba, ta gabanta zai wuce.

La'asar ta yi, 'yan uwa. Nan da awa biyu za a fara kunna fitilun nan.

Allah Ya ba ɗan uwanmu lafiya, Ya bar masa ƙafarsa. Allah Ya albarkaci wannan taro, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Allah Ya riƙe abin da muka liƙa har mu kai gare shi, Ya sa kada a sake kawo wa ɗayanmu fitila a cikin buhu.

Na gode.