A Dawo Mana da Butar Shayinmu

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji mai wannan masana'anta, wanda da yawanmu muka fara taka keken ɗinki a gabansa tun gemunsa bai yi furfura ba. Mai girma Hajiya uwargidansa. Manajanmu, ranka ya daɗe. Shugabannin sassa, na yanka da na ɗinki da na guga da na sito. Manyan baƙin da suka bar harkokinsu suka zo taya mu rufe shekara. Iyayena da yayyena da ƙannena ma'aikata, na gaba da ke kan kujeru da na baya da ke tsaye jikin bango: assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara da yatsunmu cikakku. Ina godiya ga Alhaji, wanda bai taɓa rufe ƙofar wurin nan ba ko a shekarun da kasuwa ta juya mana baya. Ina kuma godiya ga 'yan'uwana da suka zaɓe ni in yi magana da yawunsu. Ga baƙin da ba su san ni ba, ni ce wadda ake kira Inna Mai Maɓalli, domin tun ina amarya nake kafa maɓalli a wurin nan, ga shi yau ina da jikoki. An ce mini in yi godiya in taƙaita. Godiyar na yi ta da zuciya ɗaya, amma waɗanda suka turo ni ba godiya kaɗai suka ɗora mini ba. Sun aiko ni in yi magana a kan shayi, kuma ina roƙon kada kowa ya yi dariya tukuna.

Abu na farko, bari in gaya wa baƙinmu yadda shayi ya shigo wurin nan. Ga Baba Mai Guga can a layin baya, sanye da farar hula. Duk rigar da ta fita daga masana'antar nan ba a yamutse ba, ta bi ta hannunsa. Bara ciwo ya kama shi a maƙogwaro, aka yi ta magani a asibiti, har Allah ya tashi kafaɗunsa. Ya dawo aiki, amma rabinsa ne ya dawo. Rigarsa ta yi masa yawa, agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Maganin ya tafi da ɗanɗanon bakinsa. Ya ce mana duk abin da ya sa a baki, nama ko gurasa ko zuma, ji yake kamar yana tsotsar mabuɗi. 'Yarsa takan zubo masa abinci a kwano, da yamma ya mayar mata da shi yadda ta rufe. Muna zaune a ɗakin hutu muna ci, shi yana kallon bango.

Wadda ta kasa jure ganin haka ita ce 'Yar Gajera ta sashen ɗinki, wadda sai an sa mata katako a ƙasa ƙafarta ke kai fedar keken ɗinki. Ta ce idan Baba ba ya iya ci, ai yana iya kurɓa, don haka kowa ya zo da irin shayin da ake sha a gidansu, a jera masa, ko Allah zai sa harshensa ya gane wani. Muka yi karo-karo muka sayi butar lantarki. Wannan ta zo da mai citta, wancan ya zo da mai kanumfari, wata ta tsinko na'ana'a a bayan ɗakinta, wani ya kawo mai kirfa, ni kuma na zo da mai ɓawon lemun tsami. Kullum da rana a jera kofuna a kan tebur, Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kurɓa, ya jujjuya a baki, ya haɗiye, sannan ya girgiza kai ya ce, "Ruwan zafi ne, 'yata. Allah ya yi albarka." Haka muka yi ta yi har wasu suka fara sarewa. 'Yar Gajera ba ta sare ba. Ita ke wanke kofunan, ita ke bin mutane tana tambayar me za su kawo gobe.

Rannan sai direban motar kaya ya shigo da wani kwali mai hoton tuffa ja jawur, ya ce a hanya ya sayo, wai shayin manyan mutane ne. Aka jiƙa, ɗakin ya gume da wani ƙamshi mai hawa kai. Baba ya kurɓa, sai muka ga ya furzar a ƙasa, yana goge baki da hannun riga, yana cewa, "Wane mara imani ne ya jiƙa sabulun wanka ya ba ni?" 'Yar Gajera ta matsa kusa da shi ta ce, "Baba, kana nufin ka ji ɗanɗanonsa?" Ya dubi kofin. Ya sake kurɓa, ya yamutsa fuska, hawaye suka zubo masa, ya shanye sabulun nan tas bai rage ba. Jama'a, ban ce shayi ne ya warkar da shi ba. Likitoci sun yi aikinsu, Allah ne ya ba da lafiya. Amma a gabanmu abin ya faru, a ɗakin nan namu, kuma daga ranar kwanon 'yarsa ya fara komawa gida ba komai a ciki. Direba kuwa har gobe yana taƙama cewa shi ya yi wa Baba magani da shayin da ya fi kowane muni a duniya.

Abu na biyu, abin da shayin ya zama bayan haka. Da bakin Baba ya dawo, ba mu daina ba, sai ma gardama ta ɓarke. Mutanen yanka suka tsaya kai da fata cewa babu kamar mai citta, domin shi ke bin maƙogwaro da zafi ya buɗe ƙirjin wanda ya wuni yana shaƙar ƙurar yadi. Mutanen ɗinki suka ce citta hayaniya ce kawai, na'ana'a ce ke sanyaya kan da ƙarar keke ta cika. Masu kanumfari aka ce musu shayinsu ƙamshin ɗakin mai ciwon haƙori yake yi. Mai kirfa kowa ya yarda yana da daɗin shaƙa, amma a baki ba ya cika alkawarin da ya yi wa hanci. Nawa mai lemun tsami, Baba ya yanke hukunci cewa idan ya daɗe a ruwa ɗacinsa ya fi na mai shi, kuma ban yafe masa wannan maganar ba har yau. Muka koyi zuba wa mutum kofi ba tare da an gaya masa na wane ne ba, don kada ya yabi na ɗan sashensu. Muka gane cewa wani shayin ƙamshi aka fesa masa don a rufe tsufan ganyen, wani kuma ba ya da kwali mai kyau amma yana da gaskiya.

Ranka ya daɗe Alhaji, mutanen yanka da na ɗinki sun shekara da shekaru ba sa gaisawa sai da zargi, waɗannan su ce an yanka a karkace, waɗancan su ce an ɗinka a karkace. A kan kofunan nan suka san sunan 'ya'yan juna. A kan kofunan nan kuma, wata rana, mai gadi ya faɗi wata magana a cikin hira. Ya ce ƙofar baya, wadda aka yi don mu fita idan gobara ta tashi, an jibge mata bandir-bandir na yadi har sama, saboda sito ya cika. Mu da ke aiki a ciki ba mu sani ba, domin labule ya rufe wurin. Muka je muka ɗaga labulen, muka gani da idonmu. Muka wakilta dattawanmu suka sami manaja cikin ladabi. Ya ce ya ji, za a duba.

Ba a duba ƙofar ba. Butar aka duba. Makon da ya biyo baya muka iske ɗakin hutu da kwaɗo, aka ce an ɗauke butarmu domin tana iya haddasa gobara. Ranka ya daɗe manaja, ga ka ga ni, ga kuma jama'a. Idan tsoron gobara ne ya sa ka ɗauke buta, me ya hana tsoron gobarar ya sa ka buɗe ƙofa? Butar da ke kashe kanta idan ruwa ya tafasa ita ce abin tsoro, amma yadi jibge a bakin hanyar tsira, a wurin da dutsen guga ke wuni da zafi, shi ba abin tsoro ba ne? Da bakinka ka gaya wa shugaban sashen yanka cewa ba ka son ganin ma'aikata suna yin gungu, domin gungu ke kawo surutu. Gaskiya ka faɗa. Gungu ya kawo surutu, surutun kuma ya gano ƙofar da za ta iya zama ajalinmu. Da ni ce kai, da buta ta biyu zan saya musu.

Abu na uku shi ya fi ci mini rai. Da aka rufe ɗakin, kowa ya koma cin abinci a inda ya samu, wasu a matakala, wasu a tsaye. Baba ya koma zama shi kaɗai a bayan teburin guga, cin nasa ya sake ja baya, domin ashe ba ɗanɗano kaɗai ke sa mutum cin abinci ba, har da waɗanda yake ci a cikinsu. 'Yar Gajera ta lura. Ta dafo shayi mai citta daga gida a filas, ta kira shi baranda lokacin hutu ta zuba masa. Manaja ya zo wucewa ya gan su. Washegari aka dakatar da ita, wai ta shigo da abin sha kusa da kaya. Dokar hana abin sha kusa da yadi doka ce mai kyau, ni kaina na sha tsawata wa sababbi a kanta. Amma baranda ba wurin yadi ba ne, kuma da ɗakin hutu yana buɗe, me zai kai su baranda? An kulle wa mutum ɗaki, sannan an hukunta shi don bai shiga ɗakin ba.

Yarinyar nan ita ke riƙe da mahaifiyarta. Da Baba ya ji labari ya same ni, hularsa a hannu, ya ce zai je ya gaya wa manaja shi ya roƙe ta, a sallame shi a dawo da ita, shi dama ya tsufa. Na ce masa, "Baba, mayar da hularka. Kai ba ka yi laifi ba, ita ma ba ta yi ba, kuma ba wanda zai yi ƙarya don a ba shi haƙƙinsa." Na yi masa alkawarin zan faɗi maganar a inda Alhaji zai ji da kunnensa, ga shi na cika.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ba ƙarin hutu muke nema ba, ba kuma alfarma ba. A kwashe yadin da ke bakin ƙofar baya, yau ba gobe ba, kafin baƙin nan su watse, domin su ma yanzu haka a cikin ginin suke zaune. A dawo da 'Yar Gajera kan kekenta ba tare da an sa ta ba kowa haƙuri ba. A cire kwaɗon ɗakin hutu, a dawo mana da butarmu, domin da guminmu muka saye ta. Idan ba a buɗe ɗakin ba, to a sani ba za mu fasa ba. Lokacin hutu namu ne. Za mu fito bakin titi, jikin katanga, kowa da filas ɗinsa da kofinsa, mu jera, mu kurɓa, mu yi gardamarmu a gaban duk mai wucewa, kuma duk wanda ya tambaye mu dalili za mu gaya masa. Manaja, idan ka zo ba za mu kore ka ba. Za a zuba maka kamar kowa, a tambaye ka ra'ayinka kamar kowa, a musa maka kamar kowa.

Na san abin da ka iya biyo bayan wannan magana. Na yi shawara da maigidana da 'ya'yana kafin in hau nan, sun ce in je in faɗa. Idan gobe aka ce kada in shigo, to na fita da kaina a ɗage, kuma maɓallan da na kafa za su daɗe a ƙirjin mutane bayan an manta da wanda ya kore ni.

Kafin in sauka, akwai abin da na gaba ba su sani ba. 'Yar Gajera tana bakin babbar ƙofa tun da aka fara taron nan. Ta yi kwalliyarta ta zo, mai gadi ya hana ta shiga yana ba ta haƙuri, domin haka aka umarce shi. An ajiye wa kowannenmu abinci da lemo. Ni nawa zan ɗauka in kai waje in ci tare da ita. Ban tilasta wa kowa ba, amma wurin yana da faɗi.

Allah ya tsare wannan gini da duk wanda ke cikinsa daga wuta da asara. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya ja kwanan Alhaji, ya ba shi ikon yin adalci tun yana da iko. Allah ya shiryi manajanmu, ya shirye mu tare da shi. Allah ya sa albarka a hannuwan da ke yanka da masu ɗinki da masu guga, ya mayar da baƙinmu gidajensu lafiya.

Na gode.