Fim Ɗaya Zuwa Tchibarakaten

Ina zaune a tashar Agadez, wani mai haƙar zinariya na kallon fim a salula, sai wani ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Wannan? Ai direban ne ya kashe ta."

"Malam, wa ya tambaye ka? Wata huɗu zan yi a mahaƙar Tchibarakaten, babu rezon waya, fim ɗin nan kaɗai gare ni a kart ɗin salula."

"Yi haƙuri. Amma jarumin bai iya kuka ba."

"Kai ba ka da aikin yi ne?"

"Wata takwas na yi a rami can, ko ƙwaya ban samu ba. Finafinai kawai na haddace."

"To, tafi, Allah ya kiyaye hanya."

"Ina za ni? Motarmu ɗaya. Matsa mini, in ba ka labarin kashi na biyu."