Gajeren Sifirin

A kantin kayan mota, wani saurayi ya ce a ba shi gajeren sifirin na ƙafar mota mai araha, don ƙaramar motarsa ta kwanta ƙasa ta yi kyau. Wani dattijo da ke kan benci ya ja tsaki.

"Ba za ka canja har da shokazoba mai hana mota tsalle ba? To ka sayi doki mai tutsu."

"Baba, motarka ce ko kuɗinka?"

"Ai irinku ne! Haka ɗana ya yi wa tawa. Kullum ina kai uwarsa asibiti gashin baya, kowane rami sai ta yi salati. Na zo neman dogayen, wai sun ƙare!"

 Da saurayin ya tambaya, ashe motocin nasu iri ɗaya ne.

"To mu yi musaya mana. Ka karɓi dogayena, ka ba ni gajerun."

Dattijon ya ƙura masa ido. "Wa kake ɗauka a ciki?"

Saurayin ya sosa ƙeya. "Wadda zan aura."

"Riƙe abinka, shashasha! Tawa matar kaɗai ta isa, ba sai na haɗa da 'yar mutane ba."